Juya Hular Baibai Ki Gani

Waɗanda suka aiko da wasiƙu a kan maganar tarbiyyar 'yan mata da muka fara, duk na gani, kuma in Allah Ya yarda zan amsa. Amma ku yi mini uzuri a wannan watan, domin wata 'yar magana ce ta tsaya mini a rai, na rasa yadda zan yi da ita sai dai in kawo muku.

Makon da aka koma karatu, ni aka ɗora wa cike takardun sababbin ɗalibai a Islamiyyar da nake koyarwa a nan Goron Dutse. Wata baiwar Allah ta kawo 'yarta. Na tambayi sunan uba da sana'arsa, ta faɗa ba gargada. Da na zo kan sana'ar uwa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni ba na aikin komai, rubuta zaman gida." Har na ɗora biro, sai idona ya kai kan yatsanta, duk ya yi kanta, ga kuma wani guntun zare shuɗi maƙale a gefen hijabinta. Na ce, "Maman yarinya, ba kya ɗinkin hula?" Ta yi 'yar dariya ta ce, "Au, wannan? Ai ba aiki ba ne, rage zafi ne kawai." A cikin hira na fahimci da wannan rage zafin ta biya kuɗin rajistar da ke hannunta, da shi kuma ta ɗinka wa yarinyar kayan makaranta.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa ya gaya wa matar nan cewa abin da take yi ba aiki ba ne? Amsar ba ta yi mini daɗi ba, domin irina ne, mu da muka je kwaleji muka dawo da takarda, muke ganin in ba a karɓi albashi ƙarshen wata ba to ba a yi komai ba.

Bari in ba ku labarin gwaggona, Allah Ya jiƙanta. A hannunta na tashi. Ɗinkin hula take yi tun kafin a haife ni, kuma wurin zamanta ɗaya ne, bakin ƙofar ɗakinta inda hasken hantsi ke faɗowa, da 'yar tabarmarta da gwangwanin zare. Lokacin ina karatun kwaleji na dawo hutu, na tarar ta kai kusan rabin wata hula mai wahalar zane. Washegari sai na gan ta da reza tana farke aikin kwana uku. Na ce, "Gwaggo, lafiya?" Ta juya hular baibai ta nuna mini inda zaren ya cukurkuɗe daga ciki, ya yi ƙulli-ƙulli. Na juya ta waje na duba, wallahi ban ga komai ba. Na ce, "Haba Gwaggo, wa zai gani? Dillalin nan ko ki farke ko kar ki farke, kuɗin da zai ba ki ɗaya ne." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ke 'yar boko, goshin mai hular zai gani. In ya yi sujada ƙullin nan ya danne shi, wa zai tsine wa?"

Na yi dariya a lokacin, na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da shekaru suka ja na gane karatun da ta yi mini, kuma a wurin aikina na gane shi, da kunya.

Wata shekara, zangon ƙarshe, ina da goyo, ga ajin hadda a hannuna cike da yara. Idan yarinya ta zo biya hadda sai in saurara da rabin kunne, hankalina na kan jaririn da ke kuka a bayana, ko kan tuwon dare. Da na ji muryar na tafiya ba tsayawa sai in sa alama a littafi in ce, "Ma sha Allah, ta gaba." Littafin nan kuwa ya yi kyau, shugaban makaranta har yaba mini ya yi. Ranar da aka gayyato wani alaramma ya saurari yaran kafin walimar sauka, ya tsayar da wata ɗalibata sau uku a shafi guda. Tana tsallake aya ta faɗa wata mai kama da ita a wata surar, kuma ta saba da hakan har ya zauna mata. Yarinyar ta fashe da kuka. Mahaifiyarta ba ta ce mini uffan ba, kallona kawai ta yi. Alaramman ya juya hulata baibai a gaban jama'a, kuma ƙullin da ke ciki nawa ne, ba na yarinyar ba. Sai da muka kwashe wata huɗu ni da ita, kullum bayan la'asar, muna farkewa muna sake ɗinkawa.

'Yar'uwa, wannan abin da Gwaggo ta yi da reza yana da suna a addini. Malamai suna kiran sa itƙani, wato kyautata aiki da inganta shi. Baihaƙi ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) hadisin da ke nuna Allah Yana son in ɗayanmu ya kama aiki ya inganta shi. A farkon Suratul Mulk, da Allah Ya ambaci dalilin halittar mutuwa da rayuwa, kyan aiki Ya ambata, bai ambaci yawansa ba. Fudailu ɗan Iyadh ya fassara kyan aikin da abu biyu, a yi shi don Allah, kuma a yi shi daidai. Ki duba kuma Suratu Saba'i, aya ta 10 da ta 11. Allah Ya tausasa wa Annabi Dawuda (A.S.) ƙarfe, Ya umarce shi da ƙera sulke, sannan Ya umarce shi da ya auna zobban sulken daidai. Masu tafsiri suka ce ma'anar ita ce kada ƙusar ta yi siriri ta riƙa lilo a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri ta fasa shi. Annabi ne, sarki ne, amma ga wahayi yana sauka a kan kaurin ƙusa. Duk ranar da na karantar da wannan ayar sai na tuna gwangwanin zaren Gwaggo.

Shi kansa juya abu baibai sunna ce. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tara shi tsibi, sai ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Mai tsibin nan bai yi ƙarya da bakinsa ba, jerin kayansa ne ya yi ƙaryar.

Ga waɗanda suke ganin sana'ar hannu ƙasƙanci ce ga matar babban mutum, ina Nana Zainab 'yar Jahshi (R.A.)? Matar Annabi ce, 'yar gwaggonsa ce, Baƙuraishiya ta wajen uwa, amma jima take yi, tana ɗinkin fata, ta sayar ta yi sadaka. Annabi ya taɓa gaya wa matansa cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskar sa. Suka riƙa gwada hannuwansu. Sai da Nana Zainab ta riga su rasuwa a shekara ta 20 bayan hijira, zamanin Sayyidina Umar, suka gane tsawon hannun kyauta ake nufi. Duk wadda ta taɓa bi ta kusa da majema ta san warin jima. A cikin wannan warin uwar muminai ta samo abin da ta tsere wa kishiyoyinta da shi.

Mu Kanawa ma bai kamata a ce sai an tuna mana ba. In kin taɓa hawa dutsen nan namu da safe, ki hango Dala, ki hango birni shimfiɗe har iyakar ganinki, to ki sani hannu ne ya gina shi. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda yau muke kallo ana yanka ta ana kafa shaguna, tubali ɗaya-ɗaya aka jera ta, kuma ba mu san sunan ko mutum ɗaya cikin masu cuɗa ƙasar ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma da zamaninsa ake danganta marinar Ƙofar Mata, ana cewa a 1498 aka kafa ta. Da Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki tufafin da ake saƙawa a rina a nan ne, waɗanda ya ce suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ya kuma lura da wani abu da ya shafe mu kai tsaye: wannan arziki ba daga manyan masana'antu irin na Turai yake fitowa ba, daga cikin gidaje yake fitowa, iyali suna aikinsu ba tare da sun bar zaman gidansu ba. To wa ke kaɗin zaren da masaƙa ke saƙawa? Kakanninmu mata ne, da mazari da alli, a tsakar gida. A shekarun 1970 ma wata mai bincike daga Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta rubuta yadda matan kulle ke juya dukiya daga cikin ɗaki. Baƙo ya zo daga nesa ya gani, mu muna cewa ba ma aikin komai.

Na taɓa kai ɗalibaina marinar Ƙofar Mata, kuma ina ba kowace uwa shawara ta sa a kai 'ya'yanta. Baba ake zubawa a rami da toka da kanwa, a bar shi kwana da kwanaki yana ruɓa har ya nuna. Marini ya tsoma farin yadi, ya ɗago shi, sai ka ga ya fito kore-kore, ba shuɗi ba. Iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa ya ba shi iska, haka zai yi ta yi har launin ya kai inda ake so. In ya bar shi a ciki don gaggawa, ba zai yi ba. Wata ɗalibata ta ce, "Malama, ashe kamar hadda ne." Na ce ta riga ni faɗa. Zanen da ke jikin yadin kuwa, waɗannan taurari da da'irori, yawanci mata ne ke ɗaure su a gida da zare kafin a kawo marina. Baƙi suna ɗaukar hoton marini, mai ɗaurin tana can cikin lungu, ba wanda ya san fuskarta.

Haka alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da hannu, irin su marigayi Sharif Bala Gabari, da tawada da alƙalamin kara, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, ga zayyana a kan hizifi da sujada. Shafin tsakiya da ba lallai mai saye ya buɗe a kasuwa ba, haka yake da kyau kamar shafin Fatiha. Wannan shi ne abin da nake kira adon gaskiya.

Wani abin kuma da nake so mu koya wa yara shi ne kallon halittar Allah a tsanake. Ba sai an je daji ba. Da daminar da ta wuce, zanzaro ya zaɓi saman tagar ajinmu ya fara gini. Yara suka ɗauko tsintsiya, na ce a bari. Muka yi mako biyu muna kallo. Macen ce ke ginin. Ta tafi bakin kwata ta ɗauko ɗan laka bai kai ƙwayar gero biyu ba, ta liƙa, ta shafe, ta koma. In ɗaki ya kammala sai ta farauto gizo-gizo ko tsutsa, ta harbe su su sandare ba tare da sun mutu ba don kada su ruɓe, ta cusa a ciki, ta saka ƙwai, ta toshe ƙofa. Ɗan da zai ƙyanƙyashe ya ci wannan guzuri ba zai san ta ba, ita ma galibi ba za ta gan shi ba. Da ɗakunan suka fashe bayan an fita, na ɓamɓaro ɗaya na nuna musu. Wajen yana da kaushi, cikin kuwa sumul kamar an goge shi da dutsen guga. Ita inda ɗanta zai kwanta ta fi gyarawa. Mu kuwa falon baƙi muke gyarawa, ɗakin yara sai a rufe ƙofa in an yi sallama.

Kada wata ta ce Malama tana zaune tana yabon wahala. Na san abin da ke cikin ɗinkin hula. Na san mace za ta yi mako biyu ko uku a kan hula ɗaya, a ba ta ladan da bai kai cefanen kwana biyu ba, hular kuma ta je kasuwa a wanke ta a goge a sayar da ita ninkin-ba-ninkin. Na san Gwaggo idonta ya tafi tun kafin ƙarfinta ya ƙare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, zare ya tashi, yadi ya tashi, ladan ɗinki ne kawai ke tafiyar hawainiya. Wannan zalunci ne, kuma kyautata aiki ba ya nufin ki yarda a cuce ki. Wanda ya ce a inganta aiki shi ne ya ce a biya ma'aikaci hakkinsa da wuri. Ki lissafa kuɗin zarenki da kwanakinki kafin ki karɓi aiki. In ku biyar ne ko shida a layinku masu ɗinki, ku haɗa kai ku sayi yadi da zare da kanku, ku biya mai zane, ku sayar da hular a matsayin taku, maimakon kowa ta zauna jiran abin da dillali ya ga dama. Ki yi ɗinki da rana inda haske yake, ki riƙa hutar da ido, in kin fara gani dishi-dishi ki je a auna ki, tabarau ba tsufa ba ne.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rama cutar a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Mai ƙosai ta ƙara garin rogo ta yi shiru, mai man gyaɗa ta sirka, mai ɗinki ta tsallake layi, mai kitso ta yi gaba da kyau ta hargitsa ƙeya, malama ta sa alama ba ta saurara ba. Kowaccenmu tana da hujja, kuma hujjar tsadar rayuwa ce. In kaya sun yi tsada, ki ƙara kuɗi ki faɗa, ko ki rage girma kowa ya gani. Wannan halal ne. Asarar da algus ke jawowa ba a kan mai saye take tsayawa ba. 'Yarki tana zaune tana kallon hannunki lokacin da kike sirkawa. Gobe in kin aike ta ta wanke kwanuka, za ta wanke cikin ta bar gindin, kuma ba ki da bakin faɗa. Hausawa sun ce hali zanen dutse, amma ai kafin ya zama zane sai da aka yi ta gogawa, kuma a tsakar gida ake gogawar.

Shi ya sa nake ganin duk yarinya, ko likita za ta zama, ya kamata hannunta ya iya wani abu mai cin lokaci, ɗinki ne, saƙa ce, zanen lalle ne, rubutun allo ne, ko kiwon 'yar shuka a tsohon bokiti. 'Ya'yanmu na yau sun tashi da waya, inda in abu bai burge su ba cikin daƙiƙa kaɗan sai su ture shi da yatsa su wuce. A aji nake ganin sakamakon: yarinya mai ƙwaƙwalwa, amma ba ta iya maimaita aya sau ashirin, sai ta gaji. Allura kuwa ba a ture ta. Kuma mu daina faɗa wa yara, "In ba ki yi karatu ba sai dai ki ƙare a ɗinkin hula," alhali da kuɗin hular aka sai mata littafin. Ki nuna mata bayan takardar naira ashirin, wadda aka fitar a 2007. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda ba ta yi boko ba, amma tukwanenta suka kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Hular ƙarshe da Gwaggo ta fara ba ta gama ta ba. Tana cikin akwatina shekara da shekaru, da allurar soke a inda ta tsaya. Hutun da ya wuce babbar 'yata, mai shekara 11, ta gan ta ta ce tana so ta koya. Ni ban iya ba, abin kunya, na tashi a gaban gwana ina ganin na fi ƙarfin allura. Sai na tuna da matar nan mai zare a hijabi. Na nemi gidansu, can wajen Ƙofar Kansakali, na je da kaina na roƙe ta ta koya wa 'yata, in riƙa biyan ta kamar yadda ake biyan mai darasin gida. Da farko ta ƙi, wai ita wace ce da za ta koyar da 'yar Malama. Da ƙyar ta yarda, Asabar da Lahadi da hantsi.

Ba a hular Gwaggo suka fara ba, wani ƙyalle ta ba ta. Ran Lahadin nan yarinyar ta dawo fuska a murtuke, ta ce, "Umma, layi huɗu na yi, ta juya bayan ta duba, ta ce in farke uku." Na ce to ki farke. Da na koma makaranta ran Litinin na nemo takardar rajistar 'yar matar, na soke zaman gida da na rubuta, na sa mai ɗinkin hula, kuma malama.